Fulas Uku Na Ƴar Shiru

SHAFI NA 17

Saura ƙiris ban rubuta wannan shafin ba. Na fara na goge, na sake farawa na goge, don maganar shayarwa ce, ni kuma akwai kalmomin da ko a waya nake jin nauyin rubutawa. Sai wata a cikinku ta turo min saƙo, ta ce goyo take yi, kuma abin da ke damun Ƴar Shiru shi ke damunta. Shi ya sa na daure. Masu cewa na daɗe, ku yi haƙuri.

Mu koma asibiti inda muka bar su.

*

Ƴar Shiru na zaune a bencin ɓangaren yara, jaririyarta a cinya. Mijinta ne ya laƙa mata sunan tun kafin aure, don sai a yi hira a tashi ba ta ce uffan ba. Yau kuwa shirun ya fi na kullum.

Ita jaririyar Dunƙule ake ce mata, saboda da hannu a dunƙule ta zo duniya, kamar wadda aka ɓata wa rai a hanya. Duk wanda ya miƙa mata yatsa sai ya yi roƙo kafin ta saki. Amma kwanakin nan hannun ya buɗe. Barci take yi ba ji ba gani. In an sa mata nono ta ɗan ja kaɗan, sai ta saki, kai ya langaɓe.

Ƴar Shiru ta sa ɗan yatsanta a tafin hannun. Ba a riƙe ba.

A damanta surukarta ce, Inna, rungume da jakar kayan jaririya kamar za a ƙwace. A hagu mijinta, mai gyaran firij, wanda ya rufe shago ya taho da baƙin mai a farce. Yayarta kuma na tsaye jikin bango, tana ba Ummansu labari a waya ƙasa-ƙasa.

Nas ta leƙo ta ɗaga kati. Su duka suka miƙe.

"Mutum ɗaya na kira."

"Ai mu duka mutum ɗaya ne," in ji Inna, ta riga kowa shiga.

Nas ɗin babbar mace ce, tabarau a bakin hanci. Ta tuɓe Dunƙule ta ɗora a sikeli, ta duba katin, ta sake duba sikelin. Ta auna zafin jiki. Ta ɗaga ɗan hannun ta saki, ya faɗi laƙwas.

Nas ta dubi Ƴar Shiru.

"Babu zazzaɓi. Amma nauyinta bai ƙaru yadda nake so ba, kuma jikin ya yi sanyi da yawa. Likita zai duba ta, za a ɗebi jini."

Ta sunkuya za ta miƙa jaririyar, sai ta tsaya. Ta shinshina wuyan uwar, ta shinshina kunzugun.

"Wa ke shan hulba?"

Inna ta gyara zama, fuska ta washe.

"Ni ke dafa mata. Kowace safiya, da hannuna. Ko ɗana ban yarda ya taɓa tukunyar ba."

"Kamar yaya take sha?"

"Fulas guda."

"Cike?"

"Har wuya. Ba na tashi sai na ga gindin kofi."

Nas ta kalli Ƴar Shiru ta saman tabarau.

"Sai me kuma?"

Mai gyaran firij ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama, kamar ita aka kira shi ya gyara. Yaya ta hau neman wani abu a jakarta.

"Ke nake tambaya, ƙanwata. Bayan hulbar Inna, me kike sha?"

Ƴar Shiru ta sunkuyar da kai. Ta yi wa mutum biyu alkawari, kuma su biyun suna cikin ɗakin nan. Kowa lokacin da ya kawo nasa sai da ya rage murya ya ce, kar Inna ta ji, za ta ga kamar an raina nata. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa mayar wa mutum da abin da ya miƙo mata da hannu biyu ba.

Ta dubi tafin hannun Dunƙule a buɗe kan zani.

"Uku ne," ta ce.

"Me ne uku?"

"Fulas ɗin."

Inna ta juyo gaba ɗaya.

"Ƴata, wane uku? Guda nake kawo miki."

"Naki na safe ne, Inna."

"Na rana fa?" in ji nas.

Ƴar Shiru ta ɗago kai. Idonta kawai ya zame ya sauka kan mijinta.

Ya yi tari, ya sosa ƙeya.

"Wato... akwai wani mai shago da na gyara wa firij. Shi ya nuna min wani shayi na kwali. Ya ce matarsa ta sha, nono har ya yi mata yawa. Akwai ma hoton wani jariri a jiki, kumatu kamar burodi."

"Me aka haɗa a ciki?"

"Gaskiya hoton na duba."

"A ina kake dafawa?" Inna ta tambaya, murya a sanyaye.

"A shago, Inna."

"Ka kawo a me?"

"A akwatin kayan aiki."

Inna ta riƙe haɓa.

"Shi ya sa kullum da rana sai ka dawo ka ce ka manta sukudireba. Ni har na fara yi maka addu'ar mantuwa. Na ce yaron nan ƙuruciyarsa ƙalau, aure ya taɓa masa ƙwaƙwalwa."

Nas ta danne dariya, ta juya.

"Saura na yamma."

Yaya ta daina binciken jaka.

"To, tunda an zo nan. Umma ce ta aiko. Ta ji a waya yarinya na kuka da yamma, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je wurin wata mai ganye aka haɗa mata. Ni ke dafawa in kawo a ƙarƙashin kayan wanki."

"Wane ganye ne?"

"Ganye dai. Da wasu ƴan ƙwayoyi masu ƙanshi, da saiwa mai zaƙi."

"Sunansu?"

"Ban tambaya ba. Umma ce fa ta aiko."

Inna ta kalli ɗanta, ta kalli surukarta, sannan ta tsayar da ido kan Yaya.

"Kullum kina gaishe ni a matakala da ledar wanki. Ina ta sa miki albarka."

"Wankin ma ina yi, Inna."

Nas ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ta jawo kujera kusa da Ƴar Shiru, har gwiwoyinsu na taɓa juna.

"Ke kuma duk kike shanyewa?"

Ta gyaɗa kai.

"Abinci fa?"

"Ba wuri."

"Jiri?"

"In na miƙe."

"Gumi, da cikinki na murɗawa?"

Ta sake gyaɗa kai. Mijinta ya sauke ido daga fanka ya dube ta, bakinsa a buɗe. Bai sani ba. Ba wanda ya sani.

"Me ya sa tun farko kika ga kamar nonon bai isa ba?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ga miji, ga suruka. Nas ta gane.

"Kai, mai firij, juya ka kalli bango."

Ya juya.

"Da farko yakan cika ya yi tauri," in ji Ƴar Shiru a hankali. "Sai ya zo ya yi laushi. Ita kuma in yamma ta yi sai kuka. Kowa ya shigo sai ya ce yunwa ce."

"A lokacin tana jiƙa kunzugu?"

"Sosai. Har na gaji da canji."

"To da ta ƙoshi. Laushi ba ƙarewa ba ne, jiki ne ya gane awon da yarinya ke buƙata. Kukan yamma kuwa jarirai da yawa suna yi, da ƙoshinsu. Juyo, malam."

Ya juyo.

"Ku saurare ni duka. Ba zan rantse muku cewa shayin nan ne ya sa ta haka ba, shi ya sa likita zai duba. Amma abin da uwa ta sha, wani abu daga ciki yana bi ta nono. Ganye ba don ya fito daga ƙasa ba ne ya zama ruwa. Magani ne. Ita tana shan magani kala uku, biyu ba wanda ya san abin da ke ciki, cikinta ba abinci. Akwai masu ƙanshin nan da in uwa ta sha da yawa, jariri kan yi laushi ya kasa tsotso. In bai tsotsa ba kuma, nonon da kuke nema ya ƙaru, raguwa zai yi. Tsotso ne ke kiran nono."

"Nawa dai ba ya cikin masu laifi," in ji Inna. "Da hulba na shayar da wannan ƙaton. Dube shi, ƙofa ma da ƙyar take ɗaukarsa."

"Kamar yaya kike sha a lokacin, Inna?"

"Ɗan kofi."

"Ita kuma fulas?"

Inna ta sauke kai. Ta shafa jakar da ke cinyarta.

"Na ga ta fi ni rama ne. Kuma ba ta da bakin cewa tana so. Sai na riƙa ƙarawa."

Hawaye ya cika idon Ƴar Shiru. Tun ranar da aka sallamo ta daga haihuwa, Inna ce ke ƙwanƙwasa mata ƙofa da safe. Ta zuba, ta hura, ta miƙa, ta zauna bakin gado tana ba ta labarin ƙuruciyar mijinta, yadda ya taɓa kwance rediyon maƙwabci ya kasa mayarwa. Inna ba ta haifi mace ba. Ranar farko ta ce mata, ni ban yi suruka ba, ƴa na yi.

"Na san don ƙauna ne," in ji nas. "Ku ukun nan, har da Umman da ke waya. Amma daga yau a tsayar da komai."

"Har nawa?"

"Har naki, Inna. Ita ma hulbar in ta yi yawa tana sa jiri da gudawa. In kuma aka bar ɗaya, ba za mu gane wanne ne ba. In yarinya ta warware, ku zo mu zauna mu yi maganar ko akwai buƙata ma. Yanzu ruwa, da abinci, da hutu. A tashe ta a ba ta nono akai-akai, kar a ce barci take yi. Kar a ɗiga mata komai a baki. Kwalin nan da ganyen ku kawo min in gani. In ta ƙi kamawa gaba ɗaya, ko amai, ko jikinta ya yi zafi, kar ku jira kowa, ku taho."

Ta sa aka fitar da mai gyaran firij. Ta gyara wa Ƴar Shiru riƙo, ciki ya haɗu da ciki, ta nuna mata yadda za ta jira bakin ya buɗe sosai kafin ta sa. Ta sosa tafin ƙafar Dunƙule. Yarinyar ta ɓata fuska, ta kama, ta ja, ta ja, ta saki.

"Kin gani? Da kaɗan-kaɗan."

*

Likita ya duba, jini bai nuna wani abin tsoro ba. Aka ce su tafi gida su dawo a sake aunawa.

Suka iso gida. Kullum Inna ce ke karɓar Dunƙule in za a hau matakala, tana cewa ƙafar mai jego ba ta gama ƙwari ba. Yau jakar kawai ta ɗauka ta yi gaba. Ɗakinta na fuskantar nasu, ɗan lungu ne a tsakani. Ta rataye jakar a ƙofarsu, ta shiga nata ta rufe.

Yaya ta tsaya tana murza hannu.

"Umma tana ta kuka a waya. Ta ce a ce miki ki yafe mata."

"Me ta yi min? Ki ce mata zan kira."

"Ni ma fa, ƙanwata."

"Yaya, ki je ki ɗauko ganyen kawai."

Da yamma mijinta ya dawo daga shago da kwalin a hannu ɗaya, kwanon shinkafa da ƙwai a ɗaya. Ya ajiye kwalin kan tebur ya juya hoton jaririn yana kallon bango.

"Kar ya ƙara yaudarar wani."

Ya zauna a ƙasa gabanta ya buɗe kwanon.

"Fulas uku a rana. Ko tankin saman gidan nan ai sai haka. Ashe tanki na aura ban sani ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kai ma ai ka ce kar in faɗa."

"Na ce kar ki faɗa wa Inna. Ban ce ki yi ta jiri ke kaɗai ba."

Ta ɗauki cokali tana juyawa a cikin shinkafar.

"Fulas zan iya ƙi. Fuskar da ta kawo shi ce ba na iyawa. Kai in ka buɗe akwatin nan, murmushi kake yi kamar ka tsinci wani abu."

Ya kama ƙafar Dunƙule yana shafawa da babban yatsa, yana kaffa-kaffa kar baƙin mai ya taɓa zanin.

"Inna ba ta ci abinci ba," ya ce. "Na ƙwanƙwasa, ta ce ta ƙoshi. Na san ta. Ba fushi take yi ba, gani take yi ita ta jawo. Kuma in ta ji haka, sai ta nemi hanyar nuna cewa nata ba shi da laifi. Gobe za ta dafa."

"Nas ta hana."

"Nas ba ta san Inna ba. Ki bari ni zan yi mata magana."

"Kai za ka tafi shago. Ni za a miƙo wa kofin."

Ya dube ta.

"Za ki iya?"

Ta kai cokali baki.

*

Washegari da safe, bayan ya fita, ta tashi Dunƙule kamar yadda aka nuna mata. Ta sosa tafin ƙafa, ta jira baki ya buɗe. Yarinyar ta kama. Wannan karon ta daɗe tana ja, har ana jin haɗiyarta. Ƴar Shiru ko motsi ba ta yi ba, tana tsoron kar ta katse.

Sai ƙanshi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Hulba.

Aka ƙwanƙwasa a hankali, ba irin na kullum ba.

Ta gyara riga, ta ɗauki Dunƙule a kafaɗa, ta buɗe.

Inna ce. Idanunta sun kumbura. Ba fulas a hannunta, ɗan kofi ne, ko rabi bai kai ba, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ƴata, kin tashi lafiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Inna. Ta sha sosai yanzu."

"Alhamdu lillahi." Ta miƙo kofin kaɗan. "Kin ga na rage. Na yi ta tunani. Kwalin wancan sakaran ne da ganyen da ba a san asalinsa ba suka jawo. Nawa na san shi, ni na wanke, ni na dafa. Kurɓa ɗaya kawai, don hankalina ya kwanta. Ba sai kowa ya ji ba."

Ta ƙara matso da kofin.

Ƴar Shiru ta ji hannunta na dama ya fara tashi da kansa, kamar yadda ya saba. Ta tsayar da shi.

Sai ta sauke Dunƙule daga kafaɗa ta miƙa wa Inna.

Ba yadda za a karɓi jaririya da kofi a hannu. Inna ta duba hagu ta duba dama, ta ajiye shi a bakin tagar lungun, ta karɓe ta.

"A'a, Inna."

Inna ta ɗago.

"Me kika ce, ƴata?"

Ƴar Shiru ta ɗaga murya kaɗan.

"Na ce a'a. Ba zan sha ba sai nas ta yarda. Ko naki, ko na Umma, ko na kowa." Ta sassauta murya. "Amma ki shigo. Ba na iya karyawa ni kaɗai. Kuma ba ki ƙarasa min labarin rediyo ba."

Ta matsa gefe, ta buɗe ƙofar har ƙarshe.

Inna ba ta shigo ba. Ta dubi kofin da ke tururi a taga. Ta sunkuyar da kai, ta miƙo jaririyar za ta mayar wa uwarta ta koma ɗakinta.

Ƴar Shiru ta tara hannu ta karɓa. Inna ta ja da baya, sai ta tsaya cak.

Yatsanta bai biyo ta ba.

Dunƙule ta damƙe shi.